Katangar da ke Barin Iska ta Wuce

Na dawo daga Madrid da tiyo naɗi uku
da takardar shaida mai jan hatimi.
Na ce, "Kaka Eulogio, wahala ta ƙare,
zan ja maka ruwa har gindin kowace bishiya."
Bai ce e ba, bai ce a'a ba.
Ya ci gaba da yanka albasa da wuƙarsa mai karyayyen baki.

Lanzarote baƙar ƙasa ce.
Dutse ya yi aman wuta tun zamanin kakannin kakanni,
ya binne gonaki da ƙofofin gidaje,
ya bar mana toka mai ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi.
Ruwan sama kuwa baƙo ne mai sauri,
ko tabarma ba ya jira a shimfiɗa masa.

A cikin tokar nan kakana ya haƙa ramuka,
kowanne kamar ƙwaryar da aka girke a ƙasa,
ɓaure ɗaya a tsakiya, ko kurangar inabi a kwance,
ta arewa kuma 'yar katangar duwatsu
a lanƙwashe kamar jinjirin wata.
Ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Akwai ɓauren da yake kira Mai Taurin Kai.

Kafin carar zakara ya taɓa kafaɗata.
"Yaiza, taso."
Muka gangara cikin rami da lalube.
"Tura hannunki." Na tura har wuyan hannu.
Sanyi. Danshi, kamar hancin ɗan maraƙi.
"Dare ne ke ban-ruwa a nan," in ji shi.
"Toka ta sha raɓa, ta ɓoye wa rana.
Nawa aikin kawai kada in tare musu hanya."

Na yi shiru, amma ban sallama ba.
Sabon ilimi ƙaiƙayi gare shi.

Shekarar da ƙafafunsa suka ƙi shi,
katangar Mai Taurin Kai ta zube ta gefe guda.
Na ce to, yau ga ranata.
Na kwaɓa siminti, na toshe kowace kafa,
na shafe ta sumul kamar bangon asibiti.
Sai iskar Yuli ta taso daga teku,
ta daki bango, ta rasa ƙofa,
ta haura, ta faɗo cikin ramin a fusace,
tana zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke.
Reshe biyu ta karya,
ta zubar da 'ya'ya ɗanyu shataf.

Na kai masa reshen har gado.
Ya shinshina farin ruwan da ke ɗiga,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Iska ba a yi mata gardama, yarinya.
A rage mata ƙarfi, a bar ta ta wuce.
Kafofin da kika toshe,
kin zaci lalaci ne ya sa na bar su?"

Kwana huɗu ina fasa abin da na gina.
Na sake jera duwatsu, ba laka, ba siminti,
kowanne ya jingina da ɗan'uwansa,
da 'yan tagogin da yatsa uku za su shiga.
Farcena biyu suka fita.
Rana ta biyar ƙadangare ya leƙo ta wata kafa,
ya gyaɗa mini kai kamar mai duba aiki.

Kakana bai ga nunar ɓauren bana ba.
Tiyon na nan rataye a rumfa,
gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.
Wani lokaci baƙi kan tsayar da mota
su tambaye ni ina famfon yake.
Nakan ce su dawo da asuba, su zo da hannu kawai.
Ba su cika dawowa ba.

Ni dai nakan gangara, in durƙusa,
in tura hannu har wuya,
iska na bi ta kafofin katanga
da wata 'yar murya mai kama da tarin tsoho.